Na Fita Takaba a Tekun Ingila

Ni Basarkiya ce, 'yar masunta, jikar masunta, matar masunci. A Yauri aka haife ni tun kafin a ɗaure ruwa a Kainji, kuma uwata ta ce na iya iyo kafin in iya tafiya. Na fara da wannan ne don kada wanda ya ji abin da ya same ni a tekun Ingila ya ɗauka wata 'yar tudu ce ruwa ya yi wa wayo. Ban yi boko ba, ko sunana Tabawa aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba. Amma in na kalli fuskar Kwara, babban koginmu, da safe, na san abin da za ta yi da yamma.

Jego ne ya kai ni Landan, shekarar da soja suka karɓe mulki daga farar hula. Autata Hadiza ce ta haihu, tana aikin jinya a wani asibiti, mijinta Malam Isa yana ƙarin karatu. Suna zaune a Catford, a wani flat na council, gidan hayar gwamnati, can sama inda in ka leƙa taga kanka ke juyawa. Na ce a nuna mini inda zan hura wuta in dafa ruwan wanka, suka nuna mini wata 'yar buta mai igiya. Da ita na yi wa 'yata wankan jego, buta bayan buta, ba ganyen darbejiya, ba runhu, sai tawul. Ana haka wata tsohuwar Baturiya da ke ƙasanmu ta hau tana buga ƙofa, wai ruwa na ɗiga mata a kan gado. Na ce da Hadiza ta gaya mata, gidan da ba ya ɗaukar wankan mace guda ai ba gida ba ne, akurki ne. Ban san abin da Hadiza ta gaya mata ba, na dai ga matar ta tafi tana murmushi.

Wata shida aka buga mini a fasfo. Kafin su cika Hadiza ta koma aiki, ba mai riƙon yaro. Aka aika fasfon ofishinsu neman ƙari, ya je ya kwanta. Kafin ya tashi ga wani cikin. Haka dai, yau da gobe, na zama 'yar Catford ba da shawarata ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne kaset. Maigidana, wanda nake kira Malam, shi ma bai yi boko ba, saboda haka in an sami mai zuwa sai ya ari rikoda ya shiga jirginsa, ya tuƙa zuwa tsakiyar ruwa, can zai yi mini magana. Ina jin filafili yana taɓa ruwa, ina jin kirinjijiya suna wucewa da fito a sama. Ba ya gaggawa. Ya ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, da giwan ruwan da ya tsere masa da koma. A wani kaset ya ce, “Tabawa, an ce ƙasar nan taku ruwa ne ya kewaye ta. To ki daina zama a sama kamar jemage, ki je ki dubo mini, akwai ayu a ruwan Turawa?” Ya yi dariya har da tari. Ayu, ga wanda bai sani ba, dabba ce ta cikin kogi, ƙatuwa, mai kunya, tana shayar da ɗanta a ƙirji kamar mace. Masunci kan tsufa bai gan ta da idonsa ba.

Tarin nan da na ji a kaset, ashe shi ne. Cikin sanyin wata shekara aka bugo wa Malam Isa waya daga Kano da rana tsaka. Ya shigo ya durƙusa a bakin ƙofa bai cire takalmi ba, ya ce, “Inna, sai haƙuri.” An riga an binne shi tun shekaranjiya. Fasfona yana hannun mutane. Ko da yana hannuna, me zan je in tarar?

Na yi takaba a ɗakin yara, wata huɗu da kwana goma, da zane ɗaya baƙi-baƙi mai ɗigon fari. Ba kwalli, ba lalle, ba kitso. Da kwanaki suka cika Hadiza ta sayo atamfa sabuwa, ta tara ruwa a bahon wanka, ta ce, “Inna, bismillah.” Na ce ta zubar.

A zuriyarmu matar masunci ba ta fita takaba a bayan ɗaki. Wata babbar mace ce za ta raka ta kogi da hantsi, ta shiga har ƙirji ta yi wanka, sannan ta kwance zanen takaba ta sakar wa ruwa. In ya tafi, shi ke nan, ta fito a ɗaura mata sabo, a sa mata kwalli. Ruwan da ya ciyar da mijin shi ke sallamar matar. Haka aka yi wa uwata, ni na riƙe mata sabon zanen a bakin gaɓa. To ni kuma sai a ce in shiga kwano, da ruwan da aka kulle a bututu, wanda bai taɓa ganin mijina ba?

Malam Isa ya kawo wani malami daga masallaci. Ya yi mini nasiha mai kyau, ya ce, “Iya, kwanaki sun cika, Allah ya sake ki. Wanka ko'ina wanka ne.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, na san addini bai ɗaure ni ba. Uwata ce ta ɗaure ni, da uwarta.”

Na ci gaba da zama cikin zanen nan. In na wanke shi sai in zauna a ɗaki da bargo har ya bushe a jikin hita. Rani ya zo ya wuce, sanyi ya dawo. Hadiza ta daina gayyatar baƙi. Wata rana na ji ta a kicin tana ce wa mijinta, “She's not eating, Baban Amina, kullum ramewa take yi.” Turancin ban ji ba, amma na ji sauran.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Aka ba ni labarin wani Alhaji Sabo a Stratford, mai kai-komo tsakanin Kano da Landan da kayan mutane, daddawa ne, kilishi ne, saƙo ne. Na sa Hadiza ta kai ni a tube, jirginsu na ƙarƙashin ƙasa. Na ce in dai ruwan Kwara ne, ko a galan ne na haƙura, zan tsaya a bahon in zuba. Ya dafa ƙirji ya ce, “Hajiya, ai Yauri gida ce, ƙanena yana can yana aikin gona. An gama.” Na cire 'yan kunnena na zinari da na yi aure da su, waɗanda dama suna ƙulle a bakin zane tunda takaba ta hana ni sawa, na ba shi. Bayan wata biyu ga galan, an naɗe da leda, har da igiya. Na yi alwala kafin in buɗe. Ruwa garau kamar hawaye. Kwara kuwa ko cikin rani tana da launinta, tana da ƙamshin laka da ciyawa. Na kai hanci, sai warin maganin nan na famfon Landan. Ko wahalar ɗebo na Kano bai yi ba. Malam Isa ya ce zai je ya same shi, na ce ya bari. Na ba furannin Hadiza ruwan, su ba su da takaba.

A kasuwar Deptford na gamu da Memuna. Mutuniyar Gana ce daga zangon Ankara, ƙatuwa, tana sayar da busasshen kifi da manja a wani ɗan shago. Na ɗauki kifi guda na juya na ce wannan an yi masa gaggawar wuta, cikinsa bai bushe ba. Ta riƙe ƙugu ta ce, “Mma, kai wane ne da za ka zo ka zagi kifina?” Haka Hausarsu take, mace da namiji duk kai ne. Na ce ni ce wadda ta yi banda kafin a haifi uwarki. Ta kwashe da dariya ta jawo mini kujera. Tun daga ranar, in na kai yara makaranta sai in hau bas in je in zauna a shagonta ina gyara mata kifi. Ita ce ta fara tambayata, “Wannan zane naka, ba shi da ɗan'uwa ne?” Na gaya mata komai. Ba ta yi mini wa'azi ba, ta rufe shago ta ce mu je, akwai kogi a bayan layi.

Muka je. Katanga ce doguwa, da tsani mai gansakuka, a ƙasa laka baƙa da tayoyin mota, ruwan yana can nesa ya tsuke. Na ce wannan kogi ya ƙafe. Bayan 'yan kwanaki muka sake bi ta wurin, sai na gan shi cike har wuyan katanga. Ban tambayi kowa ba, don na san amsa. Na ce a raina, su ma suna da Kainjinsu, an buɗe ƙofa ne. Ko cike ko ƙafe dai, ba wurin da mace za ta tuɓe ba ne, ga maza a kan gadoji, ga tagogi.

Da zafi ya dawo, matan zango suka haɗa tafiya bakin teku. Memuna ta ce, “Na yi mana booking, ni da kai. Akwai jirgi da ke kai mutane wani yashi a tsakiyar ruwa, ba gida, ba taga. Ɗauko sabon zanenka.” Na ce ruwan bai san mijina ba. Ta ce, “Ruwa ne mai rai ko ba mai rai ba? Ka je ka gani da idonka.” Na sa atamfar a jaka, da sabulun salo, da tandun kwalli. Hadiza ta ga ina haɗa su, ta juya baya tana goge tukunyar da ta riga ta goge.

Muka tashi da sassafe a doguwar motar da suke kira coach, muka yi gabas, mata suna waƙa suna raba waina da shito, yajin Gana. Da muka sauka na ji iskar kafin in ga ruwan, iska mai warin kifi ɗanye da wani abu kamar kanwa. Da na gan shi kuwa sai na nemi wurin zama. Ni na saba ruwa yana da ƙetare. Komai faɗin Kwara, in ka ƙura ido za ka ga giginya a wancan gefe. Wannan ba shi da wancan gefe.

Sauran matan suka tsaya cin kifi da dankali. Ni da Memuna muka shiga jirgin tare da wasu Turawa masu madubin hangen nesa a wuya. Mai jirgin tsoho ne, fuskarsa ja kamar an gasa, da hular ulu cikin wannan rana. Na duba hannunsa a kan sitiyari na ga irin hannun mutanenmu ne, mai kanta da tsaga. Na ce to, wannan ya san abin da yake yi.

Tsuntsaye ne suka fara tarbarmu. Akwai farare manya masu baki rawaya, marasa kunya, kukansu kamar jariri yana jin yunwa. Ɗaya ta sauko ta fizge burodi daga hannun wani Bature, na ce ashe shirwa ma ta yi ƙaura ta sa farar riga. A kan wani ginshiƙi na ga baƙin tsuntsun nan mai nutso ya buɗe fukafukai yana shanya su, daidai yadda yake yi a kan kututture a gida, har na kusa ce masa yaushe ka zo. Akwai wasu baƙi da fari masu dogon baki ja kamar sun kwana cin goro, suna gudu a bakin yashi suna ihu. Waɗanda suka fi shiga raina ƙanana ne sirara, farare da baƙar hula, wutsiya a tsage kamar ta tsattsewa. Sai ɗaya ta tsaya cak a iska tana karkaɗa fukafukai, ta faɗo kamar an jefa dutse, ta tashi da ɗan kifi yana walƙiya. Memuna ta kama hannuna ta ce, “Waɗannan namu ne! Wallahi a bakin ruwan Ankara yara ke kama su!” Ta tambayi mai jirgin, ya ce gaskiyarta, nan suke ƙyanƙyasa, in sanyi ya matso su bi gaɓa har ƙasarmu. Na bi su da kallo. Abu bai kai tafin hannuna ba, yana zuwa gida duk shekara, ba mai riƙe masa takarda.

Can gaba wani baƙin baya ya mirgina a saman ruwa ya nutse, ya sake mirginawa, Turawa suka yi ta nuni. Kifi ne ko dabba ban tantance ba. Sai mai jirgin ya rage inji ya nuna hagu.

Wani kai ne ya fito daga ruwa, sumul, toka-toka, da gashin baki. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce, “Ayu! Memuna, ayu!” Jirgi ya karkata, mai jirgin ya daka mini tsawa in zauna. Na zauna na sake dubawa da kyau, don ba na son in faɗi abin da ba shi ba. Ayu ba ta da wannan fuskar kare, ba ta da manyan idanu haka, kuma ba ta hawa tudu. Waɗannan kuwa ga su can birjik a kan yashi, sun baje kamar buhunan gero, wasu sun ɗaga kai da wutsiya sama kamar ayaba, 'ya'yansu na nanne da su suna tsotso. Memuna ta ce sunansu sil. Na ce a zuciyata, Malam, na dubo maka. Babu ayu, amma akwai ƙannenta, kuma su ba su da kunya ko kaɗan.

Ya ajiye mu a ɗaya gefen yashin, nesa da su. Ya yi dogon bayani yana nuna agogo, yana nuna ruwa, ya busa wani ƙaho. Memuna ta ce, “Ya ce in ka ji ƙaho ka dawo da gudu, ruwa yana zuwa.” Na ce daga ina zai zo, ba ga shi nan ba? Ni za a koya wa ruwa? Ita kuwa ba ta da bakin musu, don tun a hanya cikinta ke juyawa. Mai sayar da kifi, haifaffiyar bakin teku, ta durƙusa tana mayar da waina. Ta ce, “Mma, ka yi gaba, in ƙasa ta daina yawo ina zuwa.”

Na ɗauki jakata na tafi ni kaɗai. Yashin yana da tauri da ƙugu-ƙugu, ga ƙananan ƙaguwa, ga wani abu kamar kamu ya daskare. Na tsallake wani kwari mai ruwa iya idon sawu, na zaga bayan wani tudu har na daina ganin jirgi da mutane. Na tsaya na duba ruwa kamar yadda aka koya mini. A gida cikowa ba ta zuwa a ɓoye, tana aiko manzanni tun da kwanaki, ruwa ya yi ja, kumfa ta taru, ciyawa da karare su fara wucewa. Nan ba ja, ba kumfa, ba kara ko ɗaya. Ruwa kwance, lafiya lau. Na ajiye jaka a kan busasshen yashi, na bar ɗan zanen ciki a jikina, na shiga.

Sanyinsa ya sare ni har ƙashi. Na ɗanɗana, gishiri zalla, na ce ikon Allah, wa ya yi wannan miya. Sabulu ya ƙi kumfa, na goga haka nan. Na yi niyya na yi wankana. Da na ɗago, ga wata sil kusa da ni, tazarar tabarma biyu, ɗanta a bayanta. Ta zuba mini ido, ta hura hanci. Na ce, “Sannu, baiwar Allah. Tunda Memuna ta gaza, ke ce shaida.” Na kwance zanen takaba, na yi bismillah, na sake shi.

Ya ɗan yi gaba, ya buɗe a kan ruwa, sai ya juyo a hankali ya zo ya naɗe mini a ƙafa.

A gida ban taɓa ganin haka da idona ba, amma na ji tsofaffi suna faɗa da ƙaramar murya. In zane ya dawo, ruwa bai karɓa ba, mamacin yana da sauran magana da matarsa. Na tattara shi na ƙara shiga ciki na jefa da ƙarfi. Ya dawo. Na ji ƙaho can nesa, na ji shi sarai, ba zan yi ƙarya ba. Amma wace mace ce za ta juya a wannan hali? Na ce, “Malam, don ban zo ba ne? Ka san ba ni na ƙi ba. 'Yarka ce na riƙe wa 'ya'ya.” Na sake jefawa. Ya dawo ya wuce ni ma, ya nufi tudu. Na juya in kamo shi, sai na ga babu tudu. Inda na ajiye jaka ruwa ne, jakar tana lilo a kai. Kwarin da na tsallake ya zama kogi yana gudu, kuma gudunsa ciki yake yi, ba waje ba. Ruwa yana hawa tudu da ƙafarsa, rana tsaka, ba hadari, ba ruwan sama.

Na kamo zanen na riƙe. Iyo na iya, amma ƙafafuna sun mutu da sanyi, ban kuma san ina zan nufa ba. Ruwa ya kawo wuya. Ƙananan tsuntsayen nan suna ta faɗowa kewaye da ni suna cin kifinsu, ba abin da ya dame su.

Sai ƙarar inji. Jirgin ya zagayo, Memuna a gaba tana kururuwa ba ɗankwali. Mai jirgin ya miƙo sanda mai ƙugiya, ya ga ban kama ba, ya sunkuyo ya cafki hannuna, wasu Turawa biyu suka taya shi suka jawo ni kamar an kama giwan ruwa. Ya rufa mini bargo yana faɗa, jijiyar wuyansa ta tashi. Bargon yana warin kifi da man inji da gumin namiji. Rabona da wannan wari tun Yauri. Na cusa fuskata a ciki, kukan da ban yi ba ranar da Malam Isa ya durƙusa a bakin ƙofa, ranar na yi shi, a gaban Turawa.

Memuna ta yi masa bayani. Na ji faɗan ya tsaya. Ya tambaye ta wani abu, ta ce, “Yana tambaya, mijinka mai kamun kifi ne?” Na ɗaga kai. Ya dubi zanen da ke hannuna yana ɗiga. Ya yi magana a hankali yana nuni da hannu, gaba, baya.

Memuna ta ce, “Mma, ya ce ba mijinka ba ne ya ƙi. Ruwan nan sau biyu yake shigowa kullum, sau biyu yake fita. Yanzu shigowa yake yi, ko jirgi ka sake masa zai dawo maka da shi. Ka zo a kan kuskuren lokaci ne kawai.”

Na ce, “Kullum?”

“Kullum, tun da aka yi duniya.”

Na ce to ai sai a gaya wa mutum. Memuna ta ce, “An gaya maka, ka ce kai ne sarkin ruwa.”

Ya ƙugiyo jakata, ya mayar da mu gaɓa. Matarsa tana da ɗan shagon shayi a wurin, ita ta shigar da ni ciki, ta shanya atamfata a kan tanda, ta ba ni shayi mai sukari kamar na mai jego. Ba ta jin maganata, ba na jin tata, ta zauna dai kusa da ni tana murza mini yatsu. Na yi azahar a bayan kantarta. La'asar ta yi, mata sun fara taruwa wurin coach, sai ga tsohon a bakin ƙofa yana yafito mu. Memuna ta ce da direba in ya tafi ya bar mu, Allah ya isa.

Mu uku kaɗai muka fita. Ya kai mu bayan bakin mashigi ya kashe inji. Yashin ɗazu babu shi, sai kawunan sil nan da can suna leƙenmu. Ya tsinke wata ciyawar ruwa ya jefa, muka ga ta yi waje da sauri. Ya ce wani abu mai tsawo, idonsa a kan ruwa. Memuna ta ce da yana saurayi ya yi aiki a manyan jiragen kaya, ya je ƙasarmu, ya ga inda babban koginmu ke shiga teku. Wai ruwan ja ne, yana tafiya cikin shuɗi nisan wuni bai gauraya ba.

Na ce, “Tambaye shi da kyau. Kwara, wadda ta bi ta Yauri, cikin wannan ruwan take zuba?”

Ta tambaya. Ya cire hularsa ya ce wani abu gajere.

“Ya ce ruwan ɗaya ne, Mma. Babu katanga.”

Ashe duk ruwan da Malam ya tuƙa tun yana yaro nan ya gangaro, ya riga ni zuwa. Har yau ban ga kabarinsa ba, an ce yana ƙarƙashin wata tsamiya, kuma ban san ko ƙafata za ta kai ni ba. Amma ranar na leƙa gefen jirgi na sa hannu a ruwa, na yi bismillah na saki zanen. Ya buɗe, ɗigon farin yana sama, ya tafi. Na bi shi da ido ina jiran ya juyo. Bai juyo ba. Ya yi ta ƙanƙancewa har na kasa bambanta shi da kawunan dabbobin nan. Na ce, “Sauka lafiya, Malam.”

Memuna ta gyara mini ɗaurin atamfa, ta buɗe tandu ta ce in ɗaga ido. Ta zizara, hawaye ya wanke. Ta sake zizarawa, ya sake wankewa. Ta ce, “Haba Mma, in ka ci gaba haka kwallin nan zai ƙare kafin mu kai Catford.”

Na ce, “Zizara dai, 'yar nan. Naki ne?”